Wasan Golf: Sanda Ba Ta Buga Kanta

Ranar da na fara riƙe sandar golf, sau uku ina kai wa ƙwallo duka ina dukan iska. Aikin makaranta ne ya kai ni filin, an ce kowa ya je ya haɗo rahoto a kan wani wasa da ba ƙwallon ƙafa ba. Da na gama 'yan tambayoyina sai na ce bari in ɗan taɓa, ko na samu hoton ɗorawa a sitatus. Aka ara mini sanda. Na gyara tsayuwa irin yadda nake gani a bidiyo, na zage na kai duka. Ƙwallo tana nan zaune tana kallona. Na sake har sau biyu, ko motsi ba ta yi ba. A na huɗu ne ta ɗan gangara kamar taku goma.

Na juya wajen yaron da ke ɗaukar jakar sanduna, wanda a filin ake kira kadi, na ce, "To, bugu ɗaya ke nan ko?"

Ya yi murmushi ya ce, "A'a Yaya, huɗu ne. Tunda ka yi niyyar dukanta, ko ba ka same ta ba an ƙirga."

Na ce, "Ai ba wanda ya gani."

Ya ce, "Kai ai ka gani."

Wannan amsar ce ta sa nake maka wannan rubutu. A 'yan shekarun nan hotunan golf, ko ƙwallon lambu kamar yadda wasu ke kiransa, sun fara yawa a shafukanmu na Instagram da TikTok. Riga mai kwala, farar hula, safar hannu guda, ga jaka cike da sanduna a baya. Ba laifi, ado ne, kuma kowa na son ya yi kyau. Abin da nake so ka sani kafin ka shiga shi ne, a wannan wasan kuɗi na iya saya maka komai ban da abu biyu: iya bugu da faɗin gaskiya. Kuma su biyun nan su ne wasan. Idan ka fara da sayen kaya kafin sanin doka da koyon bugu, kuɗinka za su tafi, ka gaji cikin wata uku, jaka ta koma bayan ƙofa tana shan ƙura.

Na san abin da za ka fara cewa: ai wasan manya ne, na tsofaffin janar-janar da 'yan kasuwa, me ya haɗa ɗalibi da shi? Akwai gaskiya a ciki. Kuɗin zama mamba a kulob ba na aljihun ɗalibi ba ne, kuma Turawan mulkin mallaka ne suka kawo wasan ƙasar nan don nishaɗin kansu. Filin Rayfield da ke Jos tun 1913 yake, zamanin haƙar kuza. Akwai filaye a Kano da Kaduna da Zariya, ga na IBB a Abuja. Da yawanmu muna wuce su a adaidaita ba mu taɓa leƙawa ba.

Amma tarihin wasan kansa bai goyi bayan cewa sai mai kuɗi ke iyawa ba. Seve Ballesteros na ƙasar Sifaniya da sanda ɗaya tak ya koyi wasa yana yaro, a bakin teku a ƙauyensu Pedreña. Da ita yake bugun nesa, da ita yake na kusa, da ita yake fitar da ƙwallo daga yashi. Ya girma ya ci manyan gasanni biyar na duniya. Ben Hogan da Lee Trevino na Amurka duk da ɗaukar jaka suka fara, irin yaron can da ya gyara mini lissafi. Vijay Singh, mutumin tsibirin Fiji, a Legas ya ci gasar Najeriya a 1988, kuma a 2004 ya ture Tiger Woods daga matsayi na ɗaya a duniya. An san shi da daɗewa a wurin atisaye fiye da kusan kowa a zamaninsa. Ba ɗayansu da jaka mai tsada ta ɗaga.

To, mu fara da doka, domin ita ce kyauta.

Hukumomi biyu ne ke riƙe da dokokin golf a duniya: R&A da ke St Andrews a Scotland, da USGA ta Amurka. Dokokin farko da aka rubuta, guda 13 ne, a 1744 a Scotland. Yau littafin ya yi kauri, amma yana nan kyauta a intanet, har da manhajar waya. Ruhinsa kuma bai wuce jimla biyu ba: ka buga ƙwallo a inda ka same ta, ka buga fili a yadda ka tarar da shi. Ta faɗa bayan bishiya? Nan za ka buga ta, ko ka karɓi tara. Ba a turo ta da ƙafa yayin da abokan wasa suka juya baya.

Cikakken zagaye ramuka 18 ne. Kowane rami an yanka masa adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi, uku ko huɗu ko biyar, shi ne ma'aunin ramin. Yawancin filaye idan ka haɗa ma'aunin duka zai ba ka 70 zuwa 72. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Faɗin bakin ramin milimita 108 ne kacal, bai kai tafin hannunka biyu ba.

Ga waɗanda za ka ci karo da su tun makon farko. Idan ƙwallonka ta ɓace, minti uku kake da su na nema. Da biyar ne, a 2019 aka rage. Ba ka gan ta ba, ko ta fita iyakar fili inda aka kafa fararen turaku, sai ka ƙara wa kanka bugu ɗaya na tara ka koma inda ka buga ta ka sake. Shi ya sa idan kana zargin ta ɓace, gara ka faɗa wa abokan wasanka cewa za ka buga ta wucin gadi tun kana wurin, kada ka yi tafiyar banza ka dawo. Idan ta faɗa ruwa ko wurin da aka kewaye da jan turaku ko rawaya, za ka iya buga ta a nan idan da hali, ko ka fitar da ita da tarar bugu ɗaya. Wajen ajiye ta kuwa, daga daidai gwiwa ake sakinta ta faɗi, shi ma tun 2019. A cikin ramin yashi ba a taɓa yashin da sanda a gaban ƙwallo ko bayanta kafin bugu, ba a kuma gwajin bugu a kansa. Idan ka gama, ka share sawunka saboda na baya.

Waɗannan kawai idan ka riƙe, ka fi mutane da yawa da ke yawo da jakar miliyoyi.

Abin da ya bambanta golf da ƙwallon ƙafa shi ne, a yawancin wasanni ba alƙali a tare da kai. Babu mai busa usur, babu na'urar duba bidiyo. Kai ne mai laifi, kai ne shaida, kai ne mai yanke hukunci. A gasar Amurka ta 1925, Bobby Jones yana gyara tsayuwa a cikin ciyawa sai ya ga ƙwallonsa ta ɗan motsa. Ba wanda ya tabbatar ya gani. Shi ya kai ƙarar kansa, ya dage sai an ƙara masa bugu ɗaya. A ƙarshe ya yi kunnen doki da Willie Macfarlane, aka sake karawa, ya rasa kofin. Bugu ɗayan nan ne ya raba shi da nasara kai tsaye. Kuma ka sani, Jones bai taɓa shiga gasa don kuɗi ba, ɗan sha'awa ne kamar ni da kai. Shekara ɗari ke nan, har yau ana ba da labarin.

Akwai kuma Roberto De Vicenzo na Ajantina a gasar Masters ta 1968. Ya yi bugu uku a rami na 17, abokin wasansa da ke rubuta masa maki ya rubuta huɗu, shi kuma ya sa hannu bai duba ba. Doka ta ce idan ka sa hannu a kan adadin da ya fi na gaskiya, shi zai zauna. Idan kuma ya gaza na gaskiya, an kore ka daga gasar. Haka ya rasa damar karawar raba gardama. Mu da muke danna "na amince" a kan komai ba tare da karantawa ba, akwai abin dubawa a nan.

Wannan amana ita ce ke riƙe da tsarin handikaf. Handikaf lamba ce da ke nuna ƙarfin wasanka, ita ke sa sabon shiga ya iya karawa da gwani, domin ana rage wa mai rauni wasu bugu daga jimillarsa. Tun 2020 tsari ɗaya ake bi a duniya: ana duba zagaye 20 na ƙarshe da ka yi, a ɗauki takwas mafi kyau a fitar da matsakaicinsu. Mafi girman lambar 54 ce, wato an bar wa ɗan koyo ƙofa a buɗe. Sai dai tsarin ya dogara ne da makin da kai ka kawo. Wani yana rage makinsa don a ce masa gwani, ranar gasa kuma ya ji kunya. Wani yana ƙara nasa don ya samu rangwame ya kwashi kyauta. Dukansu biyu kulob yana gane su, ramin ƙarya ƙurarre ne. Da zarar an san ka da haka, za ka ga kowa yana da uzuri duk ranar da ka nemi abokin wasa.

Yanzu mu zo kan kaya, inda aljihu ke kuka.

Doka ta ce kada sandunan jakarka su wuce 14. Ba ta ce sai sun kai 14 ba. Wuce adadin ma tara ce: bugu biyu a kan kowane rami da ka buga da su, iyakarsa huɗu. A ranar ƙarshe ta gasar Birtaniya ta 2001, Ian Woosnam yana cikin na gaba-gaba sai aka gano sanda 15 a jakarsa bayan rami na farko. Nan take aka ɗora masa biyu, ya ƙare a na uku. Ka ga yawan kaya ma yana iya zama jidali.

Ɗan koyo sanda shida ko bakwai sun ishe shi shekara guda cur. Ga yadda zan ba ka shawara. Fota, wadda ake gangara ƙwallo da ita zuwa rami. Wej na yashi, mai kwantaccen baki wajen digiri 56, na fitar da ƙwallo daga yashi da ɗaga ta a kusa. Ƙarfe mai lamba tara da mai lamba bakwai. Haibirid guda, wato sandar da ta haɗa siffar ƙarfe da ta mai babban kai, ta fi dogayen ƙarafa sauƙin bugu nesa ba kusa ba. Sai guda ɗaya ta bugun nesa. Lambar ƙarfe tana da ma'ana: ƙaramar lamba doguwar sanda ce mai miƙaƙƙen baki, tana kai ƙwallo nesa amma tana da wuyar sarrafawa. Babbar lamba gajera ce, tana ɗaga ƙwallo sama ta sauke ta kusa.

Sandar da kowa ke so a gan shi da ita ita ce direba, mai ƙaton kan nan da ake buɗe rami da ita. Ita ta fi tsada, ita ta fi kyau a hoto, ita ce kuma ta fi jefa ɗan koyo daji. Idan za ka saya, nemi mai kwanciyar baki digiri 10.5 zuwa 12, ta fi yafiya. Kada ka ce sai mai digiri tara don ka ga wani zakara da ita, saurin hannunsa ba irin naka ba ne. Haka ƙarafa: akwai masu rarake a baya, waɗanda aka rarraba nauyinsu zuwa gefe don ko ba ka sami tsakiya ba ƙwallo ta tafi. Akwai kuma sirara masu sheƙi na ƙwararru, waɗanda kuskure kaɗan za ka ji shi har gwiwar hannu. Na farkon su ne naka. Jikin sandar ma yana da taurinsa. Yawancin masu farawa matsakaici ya dace da su, mai tauri sai mai saurin bugu. Ke kuma 'yar'uwa, akwai waɗanda suka fi sauƙin nauyi da gajarta, amma tsayinki da ƙarfinki za ki duba, kada launin jaka ya ja ki.

Kada ka ji kunyar gwanjo. Ƙarfen da aka ƙera shekara goma da suka wuce yana nan yana aiki. Ka duba kada jikin ya lanƙwashe ko ya tsage, ka duba zanen bakin bai shafe ba, robar mariƙi kuwa idan ta yi santsi ana canza ta da araha. Ka yi hattara da masu tallar sababbin sanduna na manyan kamfanoni a farashin banza a shafukan sada zumunta, jabu sun yi yawa. Kafin ka tura kuɗi, ka nuna wa mai koyarwa na kulob ko wani tsohon kadi. Su da gani sun sani.

Ƙwallo ma haka. Masu tsadar nan da ƙwararru ke bugawa an yi su ne don wanda ya iya juya ƙwallo yadda yake so. Kai da za ka zubar da uku ko huɗu a zagaye ɗaya, sayi masu araha masu taurin fata, ko waɗanda aka tsinto aka wanke. Ka yi wa taka alama da biro mai kauri, domin buga ta wani tara ce. Abin da ya rage na kuɗinka, ka kai wa mai koyarwa. Darasi uku a farko, a gyara maka riƙo da tsayuwa da saiti, sun fi sabuwar direba amfani sau goma. Abin da hannu ya saba da shi a karkace, gyaransa aiki ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga nan sai atisaye, kuma a nan ma yawancinmu muna yin sa a juye. Je wurin koyon bugu ka gani: kowa direba a hannu, ana ta zabga ƙwallo ana kallon wa ya fi nisa. Wurin gangarawa kuwa fayau. To yi lissafi da kanka. Ma'aunin kowane rami an gina shi ne a kan gangarawa biyu. Ramuka 18 sau biyu, 36 ke nan, rabin 72. Direba kuwa da wuya ka ɗaga ta fiye da sau 14 a zagaye. Bugun da ya tafi mita ɗari biyu ɗaya ne a takarda, wanda ka kuskure daga taku ɗaya ma ɗaya ne. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ka raba lokacinka biyu, rabi ya tafi a kan bugun kusa da gangarawa. Wannan ko a ɗakin kwananka za ka iya: shimfiɗa darduma, ajiye kofi a kwance, ka yi ta aunawa. A wasu filayen Najeriya ma kewayen ramin ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cakuɗa da mai aka daddale, saboda ƙarancin ruwa. Gudun ƙwallo a kansa daban ne, sai ka saba. Lokacin hunturu kuma ƙasa ta bushe ta yi tauri, ƙwallo tana gudu bayan ta sauka, don haka ka sauke ta kafin inda kake so ta tsaya.

Ka kuma sa wa kanka buri mai hankali. Burin farko na ɗan koyo shi ne ya gama zagaye ƙasa da bugu 100. A fili mai ma'auni 72, idan ka wuce ma'auni da ɗaya a ramuka tara, ka wuce da biyu a sauran taran, jimillarka 99. Ka gani? Ba ka buƙatar bajinta ko ɗaya. Abin da kake buƙata shi ne ka daina ɓarnar da ke sa rami ɗaya ya ci maka bugu goma. Ta shiga cikin bishiyoyi, fito da ita gefe a hankali, kada ka ce sai ka ratsa ta tsakanin rassa kamar a fim. Tuta tana gefen ruwa, auna tsakiyar shimfiɗar ramin ka ƙyale tutar. Ka fara daga wurin bugu na gaba, wanda ya fi kusa, ba ragwanta ba ce. Kada kuma ka shaƙe sanda kamar kana kokawa da ita, sassauta riƙo, nauyin kanta zai yi aikin.

Wayarka tana da amfani a nan fiye da ɗaukar hoton gayu. Ba wani ya ɗauke ka bidiyo daga baya da kuma daga gefe, ka kalla a hankali. Abin da kake ji kana yi da abin da kake yi a zahiri, za ka sha mamakin tazararsu. Ka riƙa rubuta abu uku bayan kowane zagaye: gangarawa nawa ka yi, tara nawa ka ci, ƙwallo nawa ka zubar. Wata biyu kawai, lambobin za su faɗa maka inda ciwon yake. Amma ka guji bin masu koyarwa goma a YouTube lokaci guda, wannan ya ce ɗaga, wancan ya ce sauke, ka tashi ba tsuntsu ba tarko. Riƙe mutum ɗaya. Kuma idan wani zai yi bugu, waya ta yi shiru, kai ma ka yi shiru. Idan ƙwallonka ta nufi mutane, ka ƙwala ihun gargaɗi da ƙarfi, domin tana iya fasa kai. Kada ka daɗe a kan bugu, shawarar dokar ita ce kada ya wuce daƙiƙa 40.

Ina da magana kuma ga masu riƙe da kulob-kulob ɗinmu. Golf ya koma gasar Olamfik tun 2016, kuma 'yar Najeriya Georgia Oboh ta kai ga buga gasar ƙwararrun mata ta Turai. Waɗanda za su biyo bayanta suna nan a cikin yaran da ke ɗaukar jaka da ɗaliban da ke wucewa ta bakin ƙofa. A ware rana ɗaya a mako da rangwame ga ɗalibai. A tara tsofaffin sandunan da mambobi suka daina amfani da su a riƙa ba da aro. A bar kadi ya yi wasa idan fili ya yi sauƙi, a kuma biya shi haƙƙinsa da mutunci. Filin da ba matasa a cikinsa, nan da shekara ashirin wa zai buga a kansa?

Kai kuma, idan abin ya ba ka sha'awa, kada ka ci bashi, kada ka taɓa kuɗin makaranta. Sauke littafin doka a wayarka, ka je fili mafi kusa da kai ka tambayi mai koyarwa nawa ne darasi ɗaya da aron sanda. Ka fara da ƙarfe mai lamba bakwai. Za ka daki iska, kowa ya daka. Idan ka daka, ka ƙirga.

Ni dai na koma filin nan sau da yawa bayan rahoton, da sanduna biyar na gwanjo a cikin jakar aro. Zagayena na farko cikakke 131 na rubuta. Yaron nan ya duba takardar ya ce, "Yaya, yau lissafinka daidai ne." Ban ɗora hoton a ko'ina ba, amma takardar tana nan a cikin littafina.